Gaisuwar da Muka Yanke a Gwangwan

Ran sunan ɗan maƙwabcinmu, jikana ya ɗauki bidiyo da waya, ya kawo mini in gani. Na ga rabin rago, na ga ƙafafun mutane, na ga sama, daga ƙarshe na ga cikin hancin shi mai ɗaukar. Ya ce, "Tsoho, ai yanzu kowa ɗan jarida ne, zamaninku ya wuce." Na ce masa gaskiya ne, ni ma jiya na sayi reza a kanti, saboda haka daga yau ni wanzami ne, ya kawo kansa in yi masa aski. Bai kawo ba.

To da shi nake, da ku duka masu ɗaga waya sama kamar kuna neman sabis. Ku zauna ku ji yadda sana'ar take, tunda na yi ta, na koyar da ita, kuma ina tsaye a wurin ranar da aka rufe ta da kwaɗo.

Sunana Ilu. A Karaye in ka ce Ilu kawai za a tambaye ka wanne, in ka ce Ilu Kaset za a raka ka har ƙofar gida. Bokona ya tsaya a aji biyu na sakandare. Ba korata aka yi ba, ni da makarantar ne muka dubi juna muka ga babu mai ƙaruwa da wani, muka rabu lafiya. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ji an ce na yi koyarwa ya zaci akwai takardar shaida a rataye a ɗakina. Abin da ke rataye a ɗakina wayar wuta ce, a nannaɗe yadda ya kamata.

Aikina na farko a Kano shi ne nannaɗe wannan wayar. Maigidana mai ɗaukar bidiyon biki ne, kyamararsa irin ta saɓawa a kafaɗa, nauyinta ya kai na ɗan akuya mai ƙiba. Na daɗe a wurinsa ban taɓa ta ba. Ni ne mai riƙe fitila, ni ne mai bin waya kada wata ta taka ta da takalmi mai tsini, ni ne mai gudu in janareto ya fara tari. Ranar da ya fara ba ni kyamara, walimar saukar karatu ake yi a wani gida. Ya ce in kiyaye, kada in ɗauki mutum yana tauna. Na kiyaye. Da mai gidan walimar ya kalli kaset ɗin har ƙarshe sai ya ce ya ga malamai, ya ga ɗalibai, ya ga tukwane, amma bai ga sabuwar motarsa ba, alhali tun safe aka wanke ta aka ajiye a bakin ƙofa. Sai da muka koma washegari, ya sake saka babbar rigar jiya ya jingina da motar, muka ɗauka, muka cusa a tsakiyar walimar. Duk wanda ya kalla zai rantse a ranar aka yi. Nan na fara sanin cewa a wannan aiki jiya da yau suna iya zama a kan tabarma ɗaya, kuma babu mai ganewa.

Daga nan na faɗa wani gidan rediyo, ina ɗaukar wa wani wakili rikoda. A can na koyi yanka. A wancan lokacin, da zaren tef ake aiki: ka saurara, ka sa alama da farin fensir, ka yanke da reza, ka haɗa da salatif. Tari, a yanke. "Wato, wato, wato", a yanke. Gaisuwa kuwa ita ce ta farkon shiga kwandon shara. Editanmu, wani siriri mai yawan shan shayi, yakan ce, "Ilu, ba don ya ji gajiyar dagaci mutum ya kunna rediyo ba. Ya san za a ce ina gajiya, ya san za a ce babu gajiya. Kai shi kan magana." Da an tara ina-kwanan da na yanke a waɗancan shekaru, da an gaishe da mutanen ƙasar Kano kaf har a ajiye saura.

Da ƙarfi ya fara raguwa na dawo Karaye ina ɗaukar ɗan abin da ya samu, ɗaurin aure nan, buɗe shago can. Ana nan sai wata ƙungiya ta kawo wa wata sakandare a Rogo kyamara ɗaya, da kwamfutar ɗorawa a cinya, da makirufo, da ƙafa uku ta tsayar da kyamara. Suka yi jawabi, suka ɗauki hoto da ɗalibai, suka shiga mota. Kayan suka zauna a kwalinsu, domin malaman makarantar kowa darussansa sun yi masa yawa. Firinsifal ɗin ya san ni tun bikin ƙanwarsa, sai ya aiko. Ya ba ni awa ta ƙarshe a ranar Laraba, lokacin da cikin yara yake kuka, da wani ɗaki mai taga ɗaya. Ya ce in koya musu aikin jarida na rediyo da talabijin. Na ce ranka ya daɗe, a awa ɗaya? Ya ce ai yaran zamani ne, ba su da wuyar ganewa.

Darasi na farko babu wanda ya taɓa kyamara. Na cika kwano da ruwa na ce kowa ya riƙe shi a ƙirji ya zagaya ɗaki, wanda ya zubar ba zai riƙe kyamarar mutane ba. Rabin ajin suka jiƙe. Darasi na biyu rana: ka ba ta baya, kada ka fuskance ta, in ba haka ba wanda kake ɗauka zai fito baƙi ƙirin kamar an zana shi da gawayi. Darasi na uku kunne. Kafin ka danna komai ka rufe ido ka saurara, akuya ce, babur ne, ko injin niƙa. Kunnen mutum yana da kara, yana ƙyale abin da ba ruwansa da shi. Makirufo ba shi da tarbiyya, duk abin da ya ji sai ya kwaso.

Dukansu so suke su zama masu karanta labarai, a zauna a gyara hula a ce masu sauraronmu. Babu mai son riƙe makirufo a rana. Wuta kuwa sai an aika batir wurin mai cajin waya a bakin tasha. Ƙafa ukun nan ɗaya ta karye tun zangon farko, muka ɗaure ta da robar tayar keke, ta riƙa kallon duniya a ɗan karkace. Duk wannan mai sauƙi ne.

Mai wuyar ita ce tambaya. Yaron da tun yana goye ake koya masa kada ya kalli babba a ido, kada ya ɗaga murya a gabansa, kada ya ce masa don me, shi ne zan tsayar a gaban babba in ce kalle shi, ɗaga murya, tambaye shi don me. Ni ina koyar da wannan awa ɗaya ran Laraba, iyayensu suna warware shi sauran kwanakin mako. Na taɓa tura wasu su tambayi mai gadin makaranta me ya sa ƙofar baya ba ta rufuwa. Suka dawo da hira mai tsawo, an gaisa, an tambayi iyali, mai gadi ya sa musu albarka. Ƙofa ko ambatonta ba a yi ba.

A cikinsu akwai Sambo, ɗan Fulani daga wata ruga a yankin Gwangwan, yana aji biyar. Ba shi da surutu. Wata rana muna ɗaukar wani ɗalibi yana karanta labarai sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a dakata, an tayar da inji." Babu wanda ya ji komai. Na sa abin saurare a kunne, sai ga injin niƙa can ƙasa-ƙasa, daga wata unguwa. Yaron da ya tashi yana bambance kukan saniyarsu da na maƙwabta a cikin duhun ciyawa, kunnensa ba irin namu ba ne. Hannunsa ba ya rawa. Da ya zauna gaban kwamfuta kuwa, sai ya haɗa hoto da hoto ka nemi wurin ɗinkin ka rasa. Ni da na yi shekaru da reza ban kai shi ba, kuma ban gaya masa ba, domin malami ba ya irin wannan ganganci.

Zaman Sambo a makaranta a kan zare yake. Yayyensa duk suna bayan shanu. Mahaifinsa, Malam Iro, bai so karatun ba tun farko, Arɗon rugarsu ne, wanda baffa yake a wurin Malam Iro, ya ce a bar ɗaya ya yi boko. Malam Iro ya yarda da sharaɗi, kuma Sambo da bakinsa ya gaya mini sharaɗin: ranar da makaranta ta cire masa kunya, ranar zai koma kiwo.

A shekarar da nake kira mummunar shekara firinsifal ya ce za a yi taron iyaye, yana son a nuna musu ɗan gajeren fim, su ga amfanin darasin. Sambo ya kawo shawarar tafkin da shanunsu ke sha, wanda yashi yake cikewa kowace damina. Labari ne sosai. Muka hau babur, shi a baya rungume da kaya, muka tafi wurin Arɗo.

Arɗo tsoho ne mai raha. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiya, na tsayar da kyamara daidai fuskarsa, rana a bayana, na danna. Sambo ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, aka fara gaisuwa da Fulatanci. Aka gaida gida, aka gaida shanu, aka gaida waɗanda suka tafi mashekari, aka dawo aka sake da Hausa saboda ni. Ina kallon alamar batir tana raguwa kamar ana shan ta da ludayi. Da aka zo tambaya sai yaron ya yi magana da ƙasa, ba da Arɗo ba: "Baffa, wai an ce, in babu damuwa, ko za a ɗan taɓa mana zancen tafkin nan." Arɗo ya fahimta, ya kuma yi bayani mai kyau, yadda tafkin yake a da, yadda suka taɓa haɗuwa da manoma suka yashe shi, yadda yanzu kowa yake jiran wani. Aka kawo mana nono da fura, muka sha, muka dawo.

Da muka zuba a kwamfuta, amsar Arɗo ta fito tas. Tambayar kuwa babu ita. Ƙeyar Sambo ake gani a gefen hoto, muryarsa kamar sauro a cikin tulu.

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma sana'a tana da maganinsa. In kyamara ɗaya gare ka, tana kan mai amsa, to bayan an gama sai ka juya ta kan mai tambaya ya sake yin tambayarsa, ka haɗa. Haka ake yi ko'ina. Laraba ta gaba na fitar da Sambo bayan ajinsu, inda akwai wata bishiya irin ta rugar, na ce ya tsaya. Tunda ƙafa ukunmu ba ta miƙewa sosai, kyamara ta zauna ƙasa-ƙasa tana kallonsa daga ƙasa. Na ce, "Kalli cikin gilashin nan. Babu kowa a nan sai ni da ƙadangaru. Buɗe murya, ka taƙaita." Sai da muka maimaita har ya gaji. A ƙarshe ya gyara tsayuwa, ya kalli kyamara ido cikin ido, ya ce, "Arɗo, tafki yana cikewa kuna kallo. Me kuka yi a kai?" Na ce yauwa, yau ka zama ɗan jarida.

Shi ya haɗa da hannunsa. Gaisuwa ta tafi inda gaisuwa take tafiya. Ya daidaita haske, ya ɗauko kukan shanun rugar ya shimfiɗa a ƙarƙashin tambayar, don kunne ma kada ya gane an canja wuri. Wannan dabarar ban koya masa ba. Na kalla sau da yawa ina neman ɗinkin, ni da na san inda yake, ban gan shi ba.

Ranar taro aka rufe tagogin babban aji da tabarmi, aka aro majigi, aka tayar da janareto. Iyaye suka cika ɗakin. Malam Iro ya zo, ya zauna can baya kusa da ƙofa, sandarsa a kan cinya. Aka fara. Tafki ya fito, shanu suka fito, mutane suna ta nuna na wane da na wane. Sai ga Sambo ya cika bango, a tsaye, da takalmi, yana kallon ƙasa-ƙasa kamar mai kallon wanda ke zaune, ba sallama ba komai: Arɗo, tafki yana cikewa kuna kallo. Sai ga Arɗo a kan tabarma, ya ɗago kai yana amsawa a hankali.

Wani dattijo a gaba ya ce, "Ɗan waye wannan?" Wani ya ce, "A tsaye fa." Wani daga gefe ya ce, "Saura ya ce masa tashi ka ba ni tabarmar." Aka yi 'yar dariya marar daɗi. Na miƙe zan yi bayani, firinsifal ya ja mini riga ya ce in bari a gama. Kafin a gama Malam Iro ya fita. Washegari Sambo bai zo makaranta ba, haka jibi.

Ban damu sosai ba, domin ina da hujja. Asalin abin da muka ɗauka yana cikin kwamfuta, ba a taɓa shi ba. Na kai ta caji ta cika, na ɗaure a babur, na tafi rugar. Na tarar da Arɗo a gindin bishiyarsa, aka kira Malam Iro. Sambo yana can bakin garke, bai matso ba. Na yi gaisuwa, kuma ku yarda da ni, ban yanke ko harafi ba. Sannan na buɗe kwamfuta na nuna musu na farko: ga yaro ya cire takalmi, ga shi a durƙushe, ga gaisuwa tun daga gida har mashekari. Na nuna musu na biyu, wanda aka gani a taro.

Arɗo ya matso da fuskarsa ya ce a sake. Na sake. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan na biyun yaushe ya zo? Ni dai ban ba shi nono ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai zo ba. A bayan aji muka ɗauke shi, shi kaɗai. Haka aikin yake. Muryarsa ce ba ta fito ba, sai muka sake."

"Amma ga kukan shanuna a bayansa."

"Ɗaukowa aka yi aka sa."

Arɗo ya girgiza kai yana murmushi, ya ce duniya ta yi nisa. Na ɗauka an gama, har na fara naɗe wayar caji. Malam Iro bai yi dariya ba. Irin mutanen nan ne da ba sa kiran sunan ɗansu a gaban manya. Ya nuna kwamfutar da bakin sanda ya ce, "Malam, na farkon na san shi, a gidana ya tashi. Dama ban yi zaton bai gaida Baffa ba. Na biyun wa ya yi shi?"

Na ce, "Mu muka yi shi. Ni na tsara, shi ya haɗa. Kuma wallahi Malam Iro, haɗin nan ko a birni ba kowa zai iya ba."

"Shi ya haɗa da hannunsa?"

"Da hannunsa."

Malam Iro ya janye sandarsa. Sannan ya ce, "Da rashin kunya ya yi, da na san maganinsa, kwana biyu ne. Wannan kuwa ya zauna ya ƙera abin da ba a yi ba, har uban da ya haife shi ya gani ya ji kunya a cikin mutane. Kuma kana ce mini ya iya." Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Wanda kuka yi, ku riƙe abinku. Nawa zai zauna a gida."

Na dubi Arɗo. Arɗo ya ce, "Iro, yaro ne." Malam Iro ya durƙusa ya ce, "Baffa, ka ce a ba boko ɗaya, na bayar. Ga abin da aka dawo mini da shi." Arɗo ya ƙyale shi da hukuncinsa. Aka kawo mini nono, na sha, domin ba a ƙin nonon ruga ko da an kore ka.

Labarin ya riga ni komawa Rogo. Wasu iyayen suka ce a ajin Ilu Kaset ana koya wa yara tsayawa a kan manya, waɗanda suka ji bayanina kuma suka ce ana koya musu haɗa ƙarya. Kowanne ka zaɓa, ɗanka ba zai zauna ba. Laraba ta gaba na tarar da rabin aji, ta gaba da ita 'yan kaɗan, su ma saboda inuwa. Firinsifal ya kira ni ya ce jarrabawa ta matso, za a ba awar nan ga bitar lissafi, na ɗan lokaci. A ɗakinmu aka zuba karyayyun kujeru aka sa kwaɗo. Da na leƙa bayan shekara, kyamarar tana kwalinta, batirin ya kumbura kamar gurasa.

Har yau in aka tambaye ni zan ce haɗin nan daidai ne a ƙa'idar aiki. Na kuma rasa abin da zan ce wa Malam Iro. Ku masu waya, wannan ita ce sana'ar da kuke cewa kowa ya iya.

Bara wani ya buɗe shagon kayan masarufi a kasuwar Rogo, ya kira ni in ɗauka, don dai ya san ni da daɗewa. Ina tsaye da 'yar tsohuwar kyamarata ina jiran a yanke ƙyalle sai wani dogon saurayi da sanda a kafaɗa ya cire takalmi ya durƙusa a gabana. Sambo ne, ya kawo bijimi kara zai sayar. Ya gaishe ni, ya gaida gida, ya gaida iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi babur. Na bar shi ya kai ƙarshe. Na tambayi Malam Iro, ya ce yana lafiya. Na tambayi tafki, ya ce ya cike, yanzu sai sun yi nisa. Ban tambaye shi karatu ba, shi ma bai ɗauko zancen ba.

Ya miƙe zai tafi sai ya tsaya, kansa a sunkuye, ya ce, "Malam, in babu damuwa, rana tana gabanka. Kuma akwai inji a bayan shagon."

Na saurara. Akwai inji. Na zagaya ɗaya gefen na ba rana baya, kafin in ɗago ya shige cikin 'yan kara. Hoton ya fito tas, sauti ma haka. Da na kai wa mai shagon bayan kwana biyu sai ya ce in ajiye a kan kantar shagon, zai duba in ya samu lokaci, ai yaronsa ya riga ya ɗauka da waya tun ranar, har an tura wa kowa.